Mai Keken da Ba Shi da Lamba

Assalamu alaikum 'yan uwana masu karatu. Yau ku gyara zama da kyau, domin abin da zan ba ku ko Innata ban taɓa zayyana mata shi daki-daki ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Sunana Barakatu. A Abu Hujar aka haife ni, unguwar Hausawa da ke gangaren kogi, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta Makka, zangon ya zama gari. Lokacin da abin nan ya faru, ƙarshen shekarun sittin, ina aikin jinya a wata 'yar shafakana a Sinja, wato ɗakin shan magani. Wanke miki, allura, raba ƙwaya, shi ne aikina.

Akwai wanda aka sa mana rana da shi, Abdussalami. Ya tafi aikin ginin madatsar ruwa a Damazin don ya haɗa kayan aure, shi da amininsa Sodangi. Wata rana sai ga Sodangi ya dawo shi kaɗai, riƙe da takalmin Abdussalami da rawaninsa, ya ce a bakin kogi aka tsince su. Ba a ga gawa ba. Kekensa ma ba a gani ba. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, kowa ya koma harkarsa. Ni dai ban koma ba.

Shekaru suka shuɗe, sai Sodangin nan ya aiko yana nemana.

Ranar da zan fara muku da ita, ina tsakar gida da la'asar ina goge farin tobe na na aiki, lulluɓin nan namu na mata, da dutsen guga na gawayi. Inna na gefe tana soya gahawa, ƙamshi ya cika gidan. Ƙanwata Sakinatu na tankaɗe lalle, tana satar kallona. Kawu Audi, yayan Inna, ya kishingiɗa a kan angareb, gadon igiyar nan namu, ya tuɓe rawani ya ɗora a gwiwa.

"Barakatu," ya ce, "yaron ga mi ya yi miki?"

"Bai yi min komi ba, Kawu."

"To shi ne laihinai? Yana da gonar riɗi, yana da salla, bai taɓa ɗaga ma kowa murya ba. Ba mu yi miki dole, wallahi ba mu yi. Amma ki dubi ƙanwarki. Mutanen mijinta sun gaji da zarya, ita ko ta rantse ba ta shiga lalle kina zaune."

Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "Wanda ya tafi ya tafi, ɗiyata. Ki bar shi ya kwanta."

Na ce, "Ku ba ni in dawo daga Damazin."

Ga yadda Damazin ta shigo maganar. Ƙungiyar matasa ta Sinja ta shirya tafiyar kekuna, daga Sinja har bakin madatsar, a bi ta garinmu. Ba tsere ba ne sosai, an dai ce duk wanda ya isa da ƙafarsa a kan feda za a rataya masa ƙyalle a yi masa hoto. Aka nemi mai jinya da za ta bi su a cikin lori, babu wadda ta yarda sai ni. Yayana Gado ya sa sunansa, haka Sodangi da Mahadi da Usmanu. Tun suna yara tare suke yawon keke, su biyar da Abdussalami. Yanzu saura huɗu.

Da Sodangi ya zo karɓar famfon Gado da yammacin nan, ya tsaya a bakin zaure, rigar arragi fara ƙal a jikinsa, kansa a ƙasa kamar kullum. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, irin wanda in yana kusa sai ka ji hankalinka ya kwanta. Ba zan ɓoye muku ba, na fara jin sa a raina.

"An ce sai Damazin," ya ce.

"Sai Damazin."

Ya ce, "Da ma kin bar wata ta je, Barakatu. Hanyar nan ba ta da daɗi."

Na yi dariya na ce kishin 'yan keke ne ya fara tun yanzu. Bai yi dariyar ba.

Da sassafe filin Sinja ya cika. Kekuna birjik, an wanke su an ɗaura musu tuntaye, kowane mahayi an manna masa lamba a baya, baƙin rubutu a kan farin ƙyalle. 'Yan makaranta na tafi, mata na guɗa. Aka busa usur, suka kwasa gaba ɗaya, ƙararrawa na tashi ta ko'ina. Ni ina gaban lori kusa da direba, wani dattijo mai suna Yakubu, akwatin magani a cinyata, gangunan ruwa na ƙugi a bayanmu.

Har Abu Hujar wasa ne. Inna da kanta ta fito bakin hanya da ƙwaryar kunun tsamiya, Gado ya sha a kan keke ba tare da ya sauka ba, yara suka bi shi da ihu. Su huɗun nan a jere suke tafiya, suna waƙa, Mahadi na sakin hannu yana rawa da kafaɗa.

Bayan mun bar gari ne duniya ta canza. Kogi ya ɓace a bayan itatuwa, gonaki suka ƙare. Sai baƙar ƙasar nan mai tsagewa, shimfiɗe har ƙarshen gani, da itatuwan ƙaya masu jan ɓawo, tsaye kamar an feɗe su. Waƙa ta mutu. 'Yan keken suka warwatsu, masu ƙarfi suka yi gaba, aka bar na baya ɗaiɗai.

A nan na fara ganinsa.

Can hannun dama, nesa da hanya, cikin itatuwan, wani na tafe a kan keke daidai da mu. Babu hanya a wurin, ko ta shanu. In mun yi sauri ya yi sauri, in mun rage ya rage. Farar riga ce a jikinsa da ta koma launin ƙasa, ya naɗe fuska duka da rawani. Bayansa babu lamba.

"Baba Yakubu, wancan namu ne?"

Ya leƙa, ya mayar da ido kan sitiyari da sauri. "Kawalwalniya ce, ya sista. Wannan fili haka yake wasa da ido."

"Kawalwalniya na tuƙa keke?"

"Ki yi salati dai," ya ce. Na ga leɓensa na motsi.

Na sake dubawa. Mutumin ya miƙe tsaye a kan feda zai haura wani ɗan tudu, kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa, kansa ya karkata. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke hawa tudu haka, tun da ya karye a kafaɗa yana yaro. Kafin in ƙifta, itatuwa sun haɗiye shi.

Da hantsi ya yi aka tsaya a wata rumfar mai shayi, ita kaɗai a bakin hanya. Matar Bahausa ce, tsohuwa, haƙoranta jajur da goro. Su Gado suka zube a inuwa suna haki. Ina ɗaure wa Usmanu gwiwa inda ya gurje, na tambaye ta kamar da wasa, "Iya, wa ke yawo da keke cikin dajin nan?"

Ta ajiye buta. "Kin gan shi?"

"Na ga wani."

"Mu ma gani muke. Ba ya magana, ba ya kusanto mutane. Makiyaya sun ce ko karnuka ba su yi mai haushi. Wasu sun ce cikin waɗanda ruwa ya ci wurin ginin nan ne, yana neman hanyar gida bai samu ba. Ni dai in na rage tuwo nakan aje bayan rumfa. Da safe in iske kwano a wanke, a kife."

Mahadi ya fashe da dariya. "Fatalwa mai wanke kwano! Iya, ki aiko mana ita gida."

Kowa ya dara. Sodangi ne kaɗai bai dara ba. Shayin da ke hannunsa na zuba a kan wandonsa, shi bai ma sani ba. Idonsa na cikin itatuwa.

"Yalla, mu tashi," ya ce. "Rana na yi."

Na lura Gado bai shanye ruwansa ba, idanunsa sun kaɗa. Na ce ya hau lori ya huta. Ya ce, "In hau lori a ba da labarina a Abu Hujar? Ki bar ni, ke dai." Ya hau kekensa.

Rana ta take tsaka. Irin zafin da tsuntsu ma ba ya tashi. Mun kwashi mutum uku da suka gaza, su da kekunansu a bayan lori. Muna gangara wani busasshen rafi sai muka ji ƙara, motar ta karkace, ƙafar baya ta nutse cikin rami har gindi. Aka fito ana tura, ana haƙa, ana cusa itace. Ko gezau.

Ana cikin haka sai ga keke ya dawo daga gaba a guje. Sodangi ne, rigarsa ta manne da jiki.

"Barakatu! Gado ya faɗi. Ba ya magana. Na ja shi ƙarƙashin wata aduwa, su Mahadi sun yi nisa, ba kowa wurinsa."

"Yana gumi?"

"Babu gumi. Jikinai kamar tanda."

Na san abin da wannan ke nufi. Rana ta buge shi, kuma irin wannan ba ya jiran lori. Na fizgo keken ɗaya daga cikin waɗanda suka gaza, na tattare tobe na na ɗaure a ƙugu, dama da dogon wando a ciki. Gado ne ya koya min hawa a tsakar gida, a ɓoye, ban taɓa fita waje da shi ba. Mazan nan suka saki baki. Baba Yakubu ya ce, "La ilaha illallahu," amma shi ya ɗaure min akwatin magani a kariya, ya rataya wa Sodangi goran ruwa.

Muka kama hanya mu biyu.

'Yan uwa, ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Babu iska, babu kukan komai. Daga numfashina sai ƙarar kacar kekena, sai ta Sodangi a gabana. Tsagar ƙasa na fizgar taya, hannuna na zafi, maƙogwarona ya bushe.

Sai na ji ta uku.

A bayana take. Kaca ce marar mai, tana kuka a hankali, ƙiii, ƙiii, daidai da bugun ƙafata. Na rage gudu, ta rage.

"Sodangi."

"Ki tuƙa."

"Akwai wani a bayanmu."

"Barakatu, don girman Allah kada ki waiwaya. Ki tuƙa."

Muryarsa ce ta fi tsorata ni, don ba muryar mai mamaki ba ce. Na karanta duk abin da na haddace. Ina jin ido a tsakiyar bayana kamar an ɗora yatsa. Da inuwar wani itace ta gitta sai na ga kamar inuwa biyu ce ta bi ta kaina. Ban waiwaya ba. Can sai kukan kacar ya karkata dama, ya shiga daji, ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Garin sauri Sodangi ya faɗa wata tsaga, ya kife. Shi bai ji ciwo ba, amma goran ya daki ƙasa ya dare biyu. Muna kallo ƙasar ta shanye ruwan kamar ba a taɓa zuba shi ba.

Muka iske Gado kwance a gindin aduwa, baki a buɗe, ido a juye. Na taɓa wuyansa, jijiya na harbawa da sauri, fatar a bushe ƙamas. Na yage masa riga, na cire mayafina ina yi masa fifita, ina kiran sunansa. Akwatina cike da ƙwaya da bandeji da aidin, amma abu ɗaya da yake buƙata babu.

"Ruwa, Sodangi! Ina ruwa a nan kusa?"

"Akwai tafki, amma da nisa, kafin in je in dawo..." Bai ƙarasa ba.

Ƙiii. Ƙiii.

Daga cikin itatuwa ya fito, a hankali, keken na tangaɗi saboda nauyi. Baƙin keke ne da ya ci duniya, an ɗaure tayarsa da tsumma. Ya tsaya nesa da mu, ya sauko da salka cike da ruwa daga kariya. Ba da yatsu ya ɗauke ta ba, da damatsa ya rungumo ta. Ya ajiye a ƙasa, ya ja da baya, ya juya mana ƙeya.

Tsoro ko babu tsoro, yayana na mutuwa. Na ruga na jawo salkar. Ruwan na da sanyi, yana warin laka. Na jiƙa mayafi na lulluɓe Gado, na zuba masa a ka, a hammata, a mara, Sodangi na fifita da rigarsa. Muka yi ta yi. Ban san tsawon lokacin ba. Can Gado ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, idonsa ya dawo daidai. Na ɗiga masa ruwa a baki ya haɗiye.

"Barakatu," ya ce da kyar, "na isa?"

"Ka isa, Yaya. Kwanta."

Sai a lokacin na tuna da mai ruwan. Ya kama kekensa zai juya.

"Bawan Allah, tsaya."

Ya tsaya, bai juyo ba. Na miƙe. Sodangi ya sha gabana, fuskarsa ta yi fari. "Ki ƙyale shi. Ya taimaka, ki ƙyale shi ya tafi."

"Ka san shi?"

Ya kau da kai.

"Sodangi, na ce ka san shi?"

Mutumin ne ya amsa, da wata murya a shaƙe, kamar mai mura ta shekaru. "Ka bari, Sodangi. Halas. Laihina ne. Ka ce kada in hito, na ce daga nesa kawai zan gan ku ku wuce."

Muryar ta lalace, amma ko a cikin kabari na ji ta zan gane ta.

"Abdussalami?"

"Kada ki matso."

Na matsa. Ta gefe na ga abin da rawanin bai rufe ba. Girarsa babu gashi ko ɗaya. Hannunsa da ke kan keken a naɗe yake da tsumma, yatsun da suka leƙo sun dunƙule, biyu sun gajarce. Ni mai jinya ce, ba sai an faɗa min ba. Kuturta.

Ya yi magana fuskarsa na kallon daji. A wurin aikin ne ya fara ganin farin tabo a damtsensa, ya tsira allura bai ji ba. Ya tuna yadda aka yi da wani mutum a garinmu, yadda aka fasa auren 'ya'yansa, aka daina saye a hannun 'yan uwansa. Ya ce gara uwarsa ta yi kukan mutuwa sau ɗaya. Ya sa Sodangi ya dafa Alƙur'ani, ya ba shi takalmi da rawani. Tun daga nan yake wata bukka kusa da masu ƙona gawayi, Sodangi na kawo masa hatsi da sukari duk bayan kaka.

"Ni na ce ya neme ki," ya ce. "Na san ba zai wulaƙanta ki ba."

Na juya wurin Sodangi.

"Maganin fa? Kana kawo mai?"

Abdussalami ya ɗan karkato kai. "Wane magani?"

"Ƙwaya ce 'yar ƙarama, fara. Da hannuna nake raba ta a Sinja, kyauta. Tana tsayar da ciwon in an jure sha. Sodangi ya sani. Ya sha zuwa ɗaukata ya iske su a layi, har ya tambaye ni ko tana aiki, na ce mai tana yi."

Ƙuda ɗaya na zagaya bakin salka. Sodangi ya durƙushe a inda yake, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa.

"Na so in faɗa," ya ce, muryarsa na karyewa. "Wallahi sau da yawa na zo da maganar a bakina. Sai in tuna in ya warke zai dawo gida. Sai in ce bari sai zuwa na gaba."

Abdussalami bai zage shi ba. Da ma ya zage shi. Ya dai tsaya yana kallon itatuwa, kafaɗunsa na rawa.

Daga nesa muka ji hon ɗin lori. Sun fito da ita. Cike take da mutanen Sinja da na Abu Hujar, waɗanda suka ci sadakar addu'arsa.

"Ku bar ni in tafi," ya ce da sauri, har yanzu bai dube ni ba. "Kada su gan ni. Barakatu, ki tsaya inda kike, na roƙe ki. Ki koma wurin Gado. Ban yarda ko inuwata ta taɓa ki ba. Kin ji? Kada ki kuskura ki taɓa ni."

Yana ta faɗa, yana ƙoƙarin tura keken, yana mamakin abin da ya hana shi motsi.

Bai sani ba, tun da hon ɗin nan ya tashi hannunsa na cikin nawa.